Labarin Alƙalan Gunduma a Ƙasar Dutse da Kiyawa: Yadda Aka Riƙa Zaɓensu da Rarraba Su

Duk wanda ya taɓa zama a zauren alƙalin gunduma a ƙasar Kano zamanin En'e, tun daga hantsi har azahar, ya san irin ƙarar da ta fi yawa. Ba sata ba ce, ba kuwa jin rauni ba. Aure ne da saki, da ci da tufafin matar da miji ya tafi ya bari, da renon yaro bayan rabuwa, da rabon gado. Waɗansu ƙasashe sun keɓe wa irin waɗannan al'amura kotu dabam, suna ce da ita kotun iyali. A ƙasar Kano ba a yi haka ba. Alƙalin gunduma shi ne alƙalin iyali, shi ne kuma alƙalin bashi da ƙananan laifuffuka. Saboda haka maganar wanda za a naɗa alƙali, da inda za a zaunar da shi, ba ƙaramar magana ba ce ga mutanen Kiyawa da Shuwarin da Andaza da Katanga, waɗanda suke can gabashin ƙasar, nesa da birni. A hannun mutum guda auren talaka yake ƙarewa ko ya ɗore, a hannunsa kuma maraya yake samun rabonsa ko ya rasa.

Sarautar alƙali tsohuwa ce a Kano. Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali, aka sa shugabansu Abdurrahmani Zaite ya zama alƙali. A zamanin Muhammadu Rumfa kuma Shehu Magili ya sauka Kano, ya rubuta wa Sarki nasiha bisa tsarin mulki da tsai da adalci. Bayan jihadi, wajen shekarar 1807, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna Kano ɗan lokaci, jama'ar gari suka roƙe shi ya rubuta musu abin da za su bi wajen hukunci, ya wallafa musu Liya'ul Hukkami. Tun daga nan ba a taɓa shakkar wanda yake da ikon naɗa alƙali ba: Sarki ne, domin shari'a hakkinsa ce, alƙali kuwa wakilinsa ne a cikinta.

Amma ba kowa Sarki zai naɗa ba. Littattafan mazhabar Maliki sun shimfiɗa sharuɗɗa: ya zama Musulmi, namiji, ɗa, baligi, mai hankali, adali, mai kaifin fahimta, masanin hukunce-hukunce, yana ji yana gani yana magana. An kuma so ya zama mai tsentseni, mai haƙuri, mai shawara da malamai, mai wadata, ba a binsa bashi, don kada talauci ya sa ya dubi hannun mai ƙara. Malamai sun ƙi mutum ya nemi alƙalanci da kansa, har akwai waɗanda suka gudu daga gare shi. Karatun kuwa a zaure ake yinsa: ɗalibi ya wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ya shiga Risala, ya kai Askari da Muhtasar na Halilu, sa'an nan Tuhfa ta Ibn Asim, wadda ita ce littafin alƙalai. Ba jarrabawa, ba takardar shaida. Malaminsa da tsararrakinsa su ne shaidarsa. Don haka alƙalanci ya zauna cikin waɗansu gidajen malamai na birni, kamar Gyanawa, ɗa ya taso yana zama gefen ubansa yana jin yadda ake tambayar shaidu, har ya zama muhuti, watau mataimaki mai duba littafi, kana wata rana a ba shi zaure.

Akwai wani sharaɗi guda da malaman suka yi saɓani a kansa, shi ne kuwa gindin wannan labari. Waɗansu suka ce an fi so alƙali ya zama ɗan gari, domin shi ya san mutane, ya san wanda za a karɓi shaidarsa da wanda ba za a karɓa ba. Waɗansu suka ce baƙo ya fi, domin ɗan gari yana da dangi da surukai da abokan gaba. Kowa da hujjarsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, gaskiya ne. Amma mai ɗaki ba ya iya raba gadon ƙanin matarsa ba tare da an yi masa zato ba.

Kafin zuwan Turawa, ƙasar Dutse ba ta cika damuwa da wannan saɓani ba, domin yawancin rigingimun iyali ba su kaiwa ga alƙali. Dattawan gida su sasanta, in ya gagara a je wurin liman ko dagaci, in ya fi ƙarfinsu a kai gaban Sarkin Dutse da malamansa. Babban Alƙali yana birnin Kano, tafiyar kwanaki a ƙasa, hanyar kuwa ba kullum take da lafiya ba. Buhari na Haɗeja ya dami gabashin Kano har ya rasu cikin 1863, Ningawa suka yi shekaru suna kai hari kudu maso gabas, sa'an nan Basasa ta tashi cikin 1893, Yusufawa suka yi sansani a Takai, kusa da Dutse. Matar da take neman a raba aurenta ba za ta ɗauki ɗanta a baya ta nufi Kano cikin irin wannan hali ba. Ta haƙura, ko ta yi yaji ta zauna gidan ubanta.

Ga kuma maganar abincin alƙali. A wancan zamani ba shi da albashi. Yana cin ushira, watau kashi ɗaya cikin goma na bashin da ya karɓo ko gadon da ya raba, da abin da Sarki ya yi masa kyauta, da gaisuwar masu zuwa. Mai tsoron Allah ya tsaya ga halalinsa. Amma tsarin da kansa yana jan alƙali wajen mai dukiya, ga shi kuwa ƙarar matar da aka hana ta abinci ba ta da ushira.

Turawa suka ci Kano cikin watan Fabrairu 1903, aka naɗa Sarki Abbas. Gwamna Lugga bai rushe kotunan alƙalai ba. Dokarsa ta 1900, da wadda ta maye gurbinta cikin 1906, sun bar su suna hukunci da shari'a, sai dai an hana haddin yanke hannu da makamantansa, aka kuma ce kowace kotu sai ta sami takardar izini, watau waranti, daga hannun Razdan. Takardar tana faɗin sunan kotu, da iyakar ƙasar da ikonta ya kai, da girman abin da za ta iya yankewa. Tun daga ranar naɗin alƙali ya zama na hannu biyu: Sarki ya zaɓa bisa shawarar manyan malamansa, Razdan ya yarda. Sarki ba ya naɗa wanda Razdan ya ƙi, Razdan kuma ba shi da hanyar sanin malamin kirki sai ta bakin fada.

Abin da ya kai alƙali ƙauye shi ne yanka gundumomi. Dā hakiman Kano a birni suke zaune, garuruwansu a warwatse, wannan gabas wancan yamma, jakadu ne suke kai da kawowa. Razdan Kargil, wanda Kanawa suka laƙaba wa Mai Gunduma, ya tattara garuruwa maƙwabta ƙarƙashin hakimi guda wajen 1907 da 1908, aka umurci hakimai su fita su zauna cikin ƙasarsu. Sarkin Dutse ba shi da inda zai ƙaura, dā ma cikin ƙasarsa yake, kamar Sarkin Gaya da na Birnin Kudu. Sai ya zama ɗaya daga cikin hakiman Sarkin Kano. Da hakimi ya zauna, sai aka ga lalle a ajiye alƙali kusa da shi, don kada ya haɗa karɓar haraji da yanke shari'a a hannu ɗaya. Ƙa'idar rarrabawa ke nan, ba ta kuwa sake ba har ƙarshen zamanin En'e: inda hakimi yake nan alƙali yake, iyakar gunduma ita ce iyakar kotu. In an haɗe gundumomi biyu kotu ta bi, in an raba ta bi.

Cikin 1909, zamanin Razdan Tambul, aka kafa Baitulmali a Kano. Wannan shi ne babban canji, ko da yake ba a cika ambatonsa cikin labarin shari'a ba. Aka yanka wa alƙali albashi, kuɗin ƙara da tara da ushira duka suka koma Baitulmali da rasiɗi. Alƙalin gunduma ya zama ma'aikacin Sarki, ba yaron hakimi ba. Daga birni aka aiko shi, daga birni ake biyansa, birni ne kaɗai yake iya ɗauke shi ya kai wata gunduma. Watau En'e ta yanke tsohon saɓanin malamai, ta zaɓi baƙo. Hikimar a fili take: idon da ya ga Sarki ba ya tsoron Galadima. Alƙalin da ya san wata rana za a sauya masa gari ba ya bukatar faranta wa dagaci rai, in dagacin ya saki mace ya hana ta kayan ɗakinta.

To, amma baƙunci yana da tasa illar, a shari'ar iyali kuwa ta fi fitowa. Hukuncin Malikiyya a kan shaidu yake tsaye, maza biyu adalai, sai kuma rantsuwa. Malamin da ya taso a Kano, aka kawo shi ƙasar Dutse jiya, ina zai san adalin Kwanda ko na Balago? Dole ya nemi mai tsarkake masa shaidu, wanda zai nema kuwa shi ne liman da mai unguwa da dagaci, su ne mutanen da aka so a raba shi da su. Da ɗan gari akan ci gari. Ga al'adu kuma da ba su cikin littafi: abin da miji ya kashe na toshi da lefe da gaisuwar iyaye, wanne za a mayar in mace ta nemi fansar kanta da hul'i, wanne ya tafi ke nan, ko shanun Fulani, wacce uba ya ba ɗa tun yana da rai, wacce ta shiga gado. Alƙalin da ya daɗe ya san waɗannan, amma daɗewar ita take mai da shi ɗan gari. In ya yi aure a garin, ya sayi gona, to baƙuncin ya ƙare. Tsakanin waɗannan biyu fada take auna lokacin sauyi, ba kuwa kullum ma'aunin yake daidai ba.

Aikin ya yi yawa tun daga farko. Dokar 1901 ta ce duk wanda aka haifa bayan ƙarshen watan Maris na shekarar ɗa ne, kotunan alƙalai kuma su ne suke rubuta fansar bayi su ba da takardar 'yanci, da yawa cikinsu mata ne da wani ya fansa don ya aura. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, yunwa ta auku cikin 1914, maza suka yawaita tafiya cin rani. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana ƙarewa a zauren alƙali. Matar da mijinta ya tafi bai bar mata abinci ba tana da hakkin a yanka masa wa'adi, in bai aiko ba a raba. Wadda mijinta ya ɓace ba labari, amma ya bar abin ciyar da ita, sai ta jira shekara huɗu bayan bincike, ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Bambance waɗannan biyu aikin masani ne, kuskure a ciki kuwa yana sa mace ta auri wani da igiyar wani a kanta.

Mutanen Kiyawa suna da wata wahala ta musamman, domin ƙasarsu tana kusa da bakin iyaka. Ƙa'ida ita ce mai ƙara ya bi wanda yake ƙara zuwa kotun garinsa. In miji yana Jahun ko Birnin Kudu da sauƙi, duk ƙasar Sarkin Kano ce, alƙali ya rubuta wa ɗan'uwansa. In kuwa ya ƙetara Jama'are ko ƙasar Katagum, ya shiga hannun wani Sarki, daga 1926 ma wani lardi ne dabam, domin a shekarar aka mai da su Lardin Bauci. Sammacin alƙalin Kano ba ya aiki can sai ya bi ta hannun hukumar wurin. Masu gudun ciyar da iyali sun san wannan sarai.

Dokar 1914 ta kasa kotuna daraja huɗu, A da B da C da D, ta 1933 ta zamanin Gwamna Kamaru ta riƙe wannan kashi. Majalisar Sarki da Babban Alƙalin Kano su ne masu daraja ta fari, alƙalan gundumomi suna ƙasa da su, an iyakance musu yawan dukiya da tsawon ɗaurin da za su yanke. Kisan kai ba nasu ba ne, rigimar gona ma a zamanin Sarki Abbas majalisarsa take zuwa. Wanda bai yarda da hukuncin alƙalin gunduma ba ya ɗaukaka ƙara zuwa Babban Alƙali, daga nan sai gaban Sarki. Di'o kuma in ya zo rangadi yana da ikon shiga kotu, ya duba littafin shari'a da na kuɗi, ya sa a sake ji in ya ga dalili. Sai dai yawancinsu ba su karanta Larabci, don haka idonsu ya fi kaifi a littafin kuɗi.

Da kotuna suka yawaita, gidajen malamai suka kasa wadatar da su, Turawa kuma suna son alƙalin da ya iya lissafi da boko. Aka buɗe makarantar shari'a ta Shahuci cikin 1928. Cikin 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka kafa Makarantar Shari'a ta Kano don lardunan Arewa duka, aka ɗauko malamai daga Sudan, cikinsu har da Shehu Bashir Rayya. Ita ce aka mayar Makarantar Nazarin Larabci cikin 1947. Daga nan takardar makaranta ta fara gogayya da sunan gida. Tsofaffin alƙalai suna ganin 'yan makaranta ba su ƙoshi da Muhtasar ba, 'yan makaranta suna ganin tsofaffi ba su iya tsare littafi ba. Shekaru da yawa iri biyun suka zauna zaure ɗaya, tsoho a kan buzu, yaro yana rubutu.

Ba za a ɓoye aibin tsarin ba. Abin da ya 'yantar da alƙali daga hakimi shi ya ɗaure shi ga fada. Wanda yake iya naɗa ka, ya sauya maka gari, ya tuɓe ka, da wuya ka yanke abin da ba ya so. A shari'ar aure da gado wannan bai cika dame kowa ba, domin fada ba ta da ruwa da auren talakan Andaza. Amma da siyasa ta shigo, aka kafa jam'iyyar NEPU cikin 1950, 'ya'yanta suka yi ta kukan ana amfani da kotunan En'e ana ɗaure su. Shugabanta Malam Aminu Kano kuwa Bagyane ne, ubansa Malam Yusufu muhuti ne a kotun Alƙalin Kano, ya san zauren ciki da bai. Kukan 'yan siyasa shi ya ja aka taɓa kotunan, alƙalan aure da gado suka shiga ciki tare da kowa.

Gyare-gyare suka biyo juna da sauri. Cikin 1956 aka yi sabuwar dokar kotunan gargajiya ta Jihar Arewa, aka kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Musulmi. Cikin 1958 aka kira kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. Bisa shawararsu aka rubuta dokar laifuffuka ta Final Kot, ta fara aiki cikin 1960, aka riƙa kai alƙalai kwas Zariya don su koye ta. Shari'ar iyali kuwa aka bar ta ga Malikiyya yadda take, aka kafa mata Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Kaduna, wadda Malam Abubakar Gumi, ɗalibin Makarantar Shari'a ta Kano, ya shugabanta daga 1962. Sa'an nan mulkin soja ya yi dokar kotunan yanki cikin 1967, ta fara aiki ranar 1 ga Afrilu 1968. Aka rufe kotunan sarakuna, aka ɗauke alƙalai daga En'e aka mai da su ma'aikatan gwamnatin jiha, ƙarƙashin Babban Joji, da sufetoci masu zagaya kotuna. Ikon naɗa alƙali, wanda yake hannun Sarkin Kano tun zamanin Yaji, ya fita daga fada a wannan rana.

Ranar 27 ga Agusta 1991 aka yanke Jihar Jigawa daga Kano, Dutse ta zama babban birninta, Kiyawa tana cikin ƙananan hukumomi bakwai na masarautar Dutse, tare da Dutse da Birnin Kudu da Gwaram da Buji da Jahun da Miga. Cikin 2000 jihar ta ƙaddamar da shari'a, kotunan shari'a suka maye gurbin na yanki. Bisa tsarin mulkin 1999, hukumar kula da ma'aikatan shari'a ta jiha ita take naɗa alƙalan ƙananan kotuna, ita take ladabtar da su. Alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a kuwa Gwamna yake naɗa su bisa shawarar majalisar shari'a ta ƙasa, ba a kuma naɗa mutum sai yana da shaidar ilmin shari'ar Musulunci daga makarantar da aka yarda da ita, ya kuma shekara goma ko fiye da samun cancantarsa. Abin da tsarin mulkin ya lissafa wa wannan kotu shi ne aure da rabuwarsa, da dangantaka, da riƙon yara, da waƙafi, da kyauta, da wasiyya, da gado. Tana zaune a Dutse, mutumin Kiyawa da bai gamsu da hukunci ba yakan shiga mota da safe ya kai ƙararsa, ya komo gida kafin la'asar.